Kofin Masawudu

A Aboabo, bayan isha'i, a rumfar kwanon Baba Tanko,
muna da benci biyu, kurfoti, da buta mai baƙin gindi.
Shekara shida ke nan ina hura gawayi.
Ni ne mai ataya.

Da can, kafin kofin farko ya gama zagawa
an yi musun ƙwallo har jijiyar wuya ta miƙe,
an aurar da wanda ko tabarma bai mallaka ba,
an gina bene da baki, an rushe shi da dariya.

Yanzu kawuna ne a sunkuye
kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa,
haske yana lasar haɓar kowa.
Inusa na gefena, gwiwarsa na gogar tawa,
amma in yana so in ga wani abu
sai ya turo mini ta waya.

Gaisuwar da kakata ke ja kamar zaren saƙa,
ina gajiya, ya mutan gida, ya ƙafar tsoho, ya ruwan jiya,
mun datse ta, ta koma harafi uku
da babban yatsa a tsaye, kowa ya kama hanya.

Ban ce abar ba ta da rana ba.
Na ga uwar Fuseini ta manna ta a kunne, tana hawaye tana murmushi,
muryar ɗanta na shigowa tsakar gida tun daga Italiya.

Ranar Talata ina ɗaurayar kofuna,
na ga guda a bushe, mai ɓantaren baki,
gizo-gizo har ya fara aza harsashi a ciki.
Na ce, yaushe rabonmu da Masawudu?
Inusa bai ɗago ba. Ya ce, yana nan mana,
yanzun nan ya saka dariya a guruf.
Na ƙirga da yatsu. Kwana tara.
Gidansu lungu uku ne, kwata ɗaya za ka tsallake,
bayan teburin Hajiya Lantana mai wake da taliya.

Ɗakin na warin man zafi.
Ƙafar dama a ɗaure cikin karan ɗori,
keken haya da yake tuƙawa ya kife da shi a Asawase,
mai keken ya aiko an karɓi makulli.
Wayar na kwance a ƙirjinsa kamar kyanwa.
Ya ce, sau uku ina rubutawa ina gogewa.
A can kowa gwanin sha'awa, kowa ya ci ya ƙoshi,
wa zai shigo da karaya cikin biki? Na ji kunya.

Na tuna ƙaramar fuskar nan rawaya
mai dariya har da hawaye, da ya turo mini daren Lahadi.
Na mayar masa da guda biyu, na juya na yi barci.
Ashe daga wannan tabarmar ta fito.
Shi bai yi ƙarya ba, ni ban tambaya ba,
tsakanin nan muka ajiye gaskiya.

Washegari na ɗauki kurfoti, Fuseini ya ɗora benci a ka.
Ɗakin bai ɗauke mu ba, biyu suka tsaya a ƙofa.
Kofin farko ya fito da ɗacinsa, aka yi tsit,
mun manta ta inda ake kama bakin hira.
Aljihun Inusa ya yi ƙugi. Ya taɓa, ya fasa, ya sake taɓawa,
sannan ya yi gyaran murya kamar wani dattijo,
ya ce, to, ya jikin? Ya kwanan ƙafa? An samu barci kuwa jiya?

Ban ce mun warke ba.
Kafin kofi na biyu na kama mutum uku suna leƙe, har da ni.
Amma da na miƙa mai ɓantaren bakin,
Masawudu ya dogara da gwiwar hannu guda,
ɗayan hannun kuwa, don ya karɓa,
sai da ya ajiye waya.